Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Maraɗi Da Hukumar Kula Da Ƴan Gudun Hijira (HCR)

Ranka ya daɗe,

Tun 2019 ƴan bindiga suka fara koro ƴan'uwanmu daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa yankunan Gidan Rumji da Madarumfa. Kafin motar agaji ta iso, talakan ƙauye ne ya buɗe musu rumbunsa. Na ga uwar gida ta raba tiyar hatsi biyu, rabi ga ƴaƴanta, rabi ga baƙuwar da ta shigo da goyo, ko takalmi babu.

Mun yaba da tsugunar da su a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka. Amma rijiya ɗaya muke ja, likita ɗaya muke zuwa, kuma rumbun mai masauki ya yi ƙasa.

Roƙonmu uku ne. A sa masu masauki da ƴan ƙasa da suka bar garuruwansu cikin rabon abinci. A ƙara rijiyoyi da azuzuwan lakwal. A ba baƙin gonaki da iri, su koyi noman rani irin na Jiratawa, su kai amfaninsu kasuwannin Tsibiri da Maraɗi.

Ranka ya daɗe, a taimaka kafin damina ta sauka.

Wassalam,
Wani ɗan Maraɗi