Raddi Ga Masu Cewa Karatun Littattafan Ciniki Da Na Na'ura Ɓata Lokaci Ne

Ku sani labari ya iso mini wai ana cewa na saki hanya, domin ana ganina kullum bayan la'asar riƙe da littafin ciniki ko na kwamfuta. To, ga amsata.

A farkon 2023, sa'ad da aka sauya takardun naira kuɗi suka yi wuya a hannu, wani almajirina mai sayar da hatsi ya tambaye ni a kan abin da masu POS ke yanka in sun ba mutum tsabar kuɗi, shin ladan aiki ne ko kuɗin ruwa? Babin ciniki na Risala na san shi, na karantar da shi ba sau ɗaya ba. Amma ban san ta ina kuɗin ke bi daga asusun mai kati zuwa na mai na'ura ba, ban san wa ke cin nawa a hanya ba. Na ce ya dawo gobe. Goben nan sai da ta yi wata biyu. Ina aka taɓa yanke hukunci a kan abin da ba a san surarsa ba?

Wani ya ce, to ka karanta littafi ɗaya ka huta mana. Nan ne kuskuren. Risala ta haura shekara dubu, wanda ya sauke ta ya sauke. Littafin na'ura kuwa nono ne, in ya kwana sai ya yi tsami. Ku duba: a 2007 aka soma aika kuɗi ta waya a Kenya da M-Pesa. A 2009 kuɗin intanet da ake kira Bitcoin ya fito. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da masu cinikinsa, a Disambar 2023 kuma ya janye hanin. Littafin da aka buga tsakanin nan, ba laifin mai shi, yau yana faɗin abin da ba haka yake ba. Wannan karatu ba shi da sauka, sai dai kullum kaɗan kaɗan, kamar yadda mahaddaci ba ya barin tilawa.

Masu cewa ilimin baƙi ne kuwa, ina tambayarsu: Alhawarizmi baƙo ne? A Bagadaza, wajen shekarar 820, ya rubuta littafin Aljabaru, ya sa babin ciniki a ciki, da dogon babi a kan wasiyya da gado, kuma daga sunansa aka samo kalmar algorizim da masu kwamfuta ke faɗi har gobe. Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina, gwanin hisabi, a Alƙahira ya rasu a 1741. Mun bar gadonmu, sa'an nan mun ga shi a hannun wani muna ƙyama.

Ba kowane littafi nake yabo ba. Waɗannan masu alkawarin arziki cikin kwana bakwai, marubucinsu kaɗai suke arzutawa. Haka masu saye suna jerawa a kanta don baƙi su gani, ba da su nake ba. Ka nemi wanda zai koya maka rubuta shige da fice sau biyu, tsarin da Luka Faciyoli ya buga a Fenis a 1494, da wanda zai bayyana maka yadda saƙo ke tafiya a waya.

Ni shafi biyar nake yi a yini, ba na ƙari ko da daɗi, ba na ragi ko da gajiya. Turancina bai kai ba, don haka wani yarona da ya yi boko ke karantawa, ina rubuta ma'ana a gefen takarda da ajami. Abin da ya shige mana duhu mu kai wa mai gyaran waya na bakin kasuwa, in zauna a bencinsa, ko da kuwa na haife shi.

Wanda ke da hujja a kan abin da na faɗa, ya rubuto a buga a nan, zan amsa. Haza wassalam.