Bindigar Iska: Mai Tulu Ta Araha Ko Mai Sifirin Ta Tsada?

Duk wanda ya ke noma ko kiwo a Television da unguwannin da ke kusa da ita, watau Barnawa da Kakuri da Unguwar Romi, ya san ba shi kaɗai ke cin guminsa ba. Mai lambu a gefen Kogin Kaduna yana fama da kurege da gafiya. Ɗan kasuwa mai ajiye buhunan masara yana fama da ɓera. Malamin ofis da ya kafa ɗakin kaji a bayan gida, shi ma da safe ya kan tarar an ɓarke buhun dusa, wata rana ma har an ja ɗan tsako. Guba kuwa ba ta zaɓe, ta kashe ɓera, ta kashe kyanwar gida, ga kuma yara suna yawo. Shi ya sa waɗansu su ke sha'awar bindigar iska. To, da mutum ya fara tambaya sai a raba masa hankali biyu. Waɗansu su ce ya sayi mai tulu ko da ta araha ce, ta fi saiti. Waɗansu su ce ya ƙara kuɗi ya sayi mai sifirin ta ƙwarai.

Da farko dai, kada wani ya ɗauka abin wasan yara ne. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska cikin makaman da ba a riƙe su sai da lasisi, kuma Sufeto Janar na 'yan sanda ne ke da ikon ba da shi. A 2023 ma an ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi. Saboda haka a fara zuwa wurin 'yan sanda a ji abin da ke nan, kafin a kwance bakin lalita.

Ga yadda su ke aiki. Mai sifirin, idan an ɗana ta, ana matse wani ƙaƙƙarfan sifirin ne a bayan fistin. Da an ja kunama sai sifirin ya kuɓuce, ya ingiza fistin, fistin ya matse iska, iska ta kori ƙwayar dalma. Mai tulu kuwa tana da tulun ƙarfe a ƙarƙashin bututunta, ana cika shi da iska tun kafin a fita. Kowane harbi, sai wata 'yar ƙofa ta buɗe ta saki iska kaɗan, ta rufe. Ba sabuwar dabara ba ce, gama tun wajen 1780 sojojin ƙasar Ostiriya su ka riƙe irinta, ƙirar wani mutum Girandoni. Abin da ya ke sabo shi ne arahar. Masana'antun Sin da Turkiyya sun fito da waɗanda kuɗinsu bai kai na mai sifirin ta ƙwarai ba, kamar Artemis PR900W da 'yar'uwarta Diana Stormrider. Masu sifirin da a ke yabo kuwa su ne irin su Weihrauch HW97K ta Jamus da Air Arms TX200 ta Ingila.

To, wace ce ta fi saiti? Ba a gane wannan da harbi ɗaya, ko makaho ya kan dace. Yadda a ke gwadawa, a kafa takarda a nisan yadi 25, a sa ɗigo a tsakiya, a harba sau 5 ba tare da an sake saiti ba, sa'an nan a duba yadda hudojin su ka taru. A hannun gwani, duka biyu za su tara biyar ɗin a wurin da murfin kwalbar lemo zai rufe. Amma a miƙa su ga manomin da bai saba ba, nan ne bambanci ke fitowa, kuma gaskiya ita ce mai tulu ta araha za ta ci. Masu yabon sifirin ba su son jin haka, amma haka abin ya ke.

Dalili kuwa shi ne, mai tulu ba ta motsi. An ja kunama, ƙwaya ta fita, bindiga tana nan inda ta ke. A ɗora ta kan buhu, ko kan katanga, ko a riƙe ta yadda aka ga dama, duk ɗaya ne. Mai sifirin fa tana zabura baya, ta kuma zabura gaba sa'ad da fistin ya kai ƙarshe, duk kafin ƙwaya ta bar bututu. Wanda ya damƙe ta da ƙarfi yau, gobe ya sassauta, zai ga saitinsa ya sake wuri, sai ya ce bindiga ce ba ta da kyau. Ita tana son a ɗora ta a tafin hannu sako-sako, a wuri ɗaya kullum, a bar ta ta yi motsinta, kada kuma a jingina ta da abu mai tauri. Wannan sai da koyo, sai an ƙarar da gwangwanin ƙwaya ɗaya ko biyu a kan takarda. Ga ta da nauyi, wajen kilo 4 kafin a sa mata madubin saiti. Madubin ma sai mai ƙwari, domin wannan zabura gaba da baya ta kan lalata na araha. Har wa yau ƙwaya ɗai-ɗai a ke sa mata, alhali Stormrider tana ɗaukar 7 zuwa 9 a tare, wanda ya kuskure gafiya yana iya ƙara mata.

Amma fa a bi sannu. Yawancin masu tulu na araha ba su da na'urar da ke daidaita iskar kowane harbi. Tulu yana cike ƙarfi dabam, yana tsakiya dabam, ya kusa ƙarewa dabam. Harbi 20 ko 30 na tsakiya su ne na kirki, bayansu ƙwaya ta fara sauka ƙasa da inda aka auna. Mai ita sai ya riƙa ƙidaya, yana duban agogon iska. Kuma kayan araha ba duka ke fitowa daidai ba, wani ya dace da bututu mai kyau, wani ya sami nasa da kunama mai tauri. Kunamar Weihrauch kuwa, wadda su ke kira Rekord, an daɗe ana misali da laushinta.

Sai babbar magana, watau iskar kanta. Tayar mota tana ɗaukar awo 30 zuwa 35 a ma'aunin masu faci. Tulun bindiga yana son kusan 3,000. Injin mai faci na bakin tashar Television ko kusa ba zai kai ba. Dole a sayi famfo na musamman, wanda kuɗinsa ke cinye wani kashi na arahar, a kuma yi ta bugu ana gumi. Da damina iskar Kaduna tana da laima, famfo ya tura ta cikin tulu, tsatsa ta kama daga ciki inda ido ba ya gani. Da hunturu ƙura ta shiga famfo, ta ci zobban roban da ke tare iska. Zobe ɗaya da bai kai farce ba in ya tsage, sai mutum ya wayi gari tulu babu kome, gafiya tana cikin gyaɗa, shi yana jiran a aiko masa da roba daga wata ƙasa. Kada kuma wani ya yi dabarar zuwa wurin masu walda a cika masa da iskarsu, ko ya ɗiga man inji a cikin tulu. Duka biyu suna iya fasa bindiga a hannun mai ita.

Mai sifirin ba ta da ko ɗaya daga wannan. Ƙarfinta yana hannun mai ɗana ta, harbi na ɗari daidai da na fari. Abin da ke lalacewa sifirin ne da robar fistin, su ma sai bayan dubban harbi, in dai ba a harba ta babu ƙwaya a ciki ba. A lura dai, lokacin sa ƙwaya a riƙe sandan ɗanawa da hannu ɗaya, kada ya kuɓuce ya datse yatsa.

To, a nan ne hukunci ya ke. Saitin da ke amfanar manomi shi ne wanda zai samu ran da ɓarna ta zo, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. A wata na fari mai tulu ta araha ta fi. A shekara ta uku, a gari mai ƙura da laima, mai sifirin ta ƙwarai ce za a tarar tana aiki, kuma hannun mai ita ya riga ya saba. Manomin da zai yi haƙurin koyo, ita ya kamata ya tara wa kuɗi. Mai tulu ta dace da wanda ke da hanyar samun kayan gyara, mai kuma son harbi da yawa a dare ɗaya, kamar mai babbar gonar kaji. Wanda ba shi da haƙurin koyo, ba shi kuma da halin kula da famfo, gwamma ya sayi tarko goma ya gyara gindin rumbunsa.

Ko wace aka saya, a gwada mata ƙwaya iri uku ko huɗu, gama kowane bututu da wadda ya ke so, sau da yawa ma laifin da a ke ɗora wa bindiga na ƙwaya ne. Kada a wuce yadi 30 a kan abu mai rai, domin kan gafiya bai fi lemon tsami girma ba, raunata dabba kuwa zalunci ne. Tsuntsun jan baki mai sauka a shinkafa dubu-dubu, wannan ba aikin bindiga ba ne ko kaɗan. Television kuma unguwa ce mai cunkoso, gida jikin gida. Ƙwayar da ta kuskure ɓera tana huda kwano, tana cire ido. Ba a harbi sama, ba a harbi wajen zana ko langa-langa, sai inda akwai tudun ƙasa ko bango mai kauri a bayan abin da aka auna.