AJAYIL: KAFIN MU HADDACE SUNAN, MU TAMBAYI WA KE DA IKON CANZA SHAWARA

Kwanan nan da wuya a kira taron bita, na ma'aikata ko na matasa masu sana'a, a tashi ba a ambaci "Ajayil" ba. Wasu sun ɗauka manhajar kwamfuta ce, wasu sun ɗauka satifiket ne na neman ƙarin girma. Jama'a, bari mu warware abin nan da Hausa.

A Fabrairun 2001 wasu masu rubuta manhaja su 17 suka haɗu a jihar Yuta ta Amurka. Sun gaji da tsarin da za a rubuta komai tun farko, a shekara biyu ana aiki a rufe, ranar miƙawa mai kaya ya ce ba abin da yake so ke nan ba. Suka ce a riƙa yanka aiki gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa daga mako biyu zuwa wata biyu. Ƙarshen kowace gaɓa a fito da abin da ke aiki, a nuna wa mai buƙata, a ji ta bakinsa, a gyara, sannan a ci gaba. Da yawa daga masu bin tsarin kuma kan tsaya kullum safe minti 15: me aka yi jiya, me za a yi yau, me ya tare hanya. Shi ke nan fa.

Kuma ba labari ba ne. Hukumar FBI ta Amurka ta watsar da wata manhajar adana bayanai a 2005 bayan ta cinye kusan dala miliyan 170. Wadda ta maye gurbinta ma ta so ta maƙale, sai da aka damƙa ta ga 'yan mutane kaɗan masu aiki mako bibbiyu, aka kammala a 2012.

To mu dawo gida. Manomin fadama a Argungu ya fi kowa sanin cewa tsarin da ba ya lanƙwasa karyewa yake yi. Ambaliyar 2020 ta shafe gonakin shinkafa a faɗin Kebbi ana dab da girbi. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur, lissafin duk mai ban ruwa da injin ya rushe a dare ɗaya. Manomi bai jira taro ba. Wani ya rage faɗin gona, wani ya koma gas, mai hali ya sa sola. Yanzu ka tambayi kanka: kasafin ofis da aka rubuta kafin wannan rana, wata nawa ya ɗauka kafin ya san farashi ya canza?

Dubi shirin bashin manoma na Babban Banki da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Ba mai musun ya tayar da noman shinkafa. A bayansa muka ga shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi a 2016, muka ga kamfanin WACOT ya buɗe masana'anta a nan Argungu a 2017. Amma an baza shirin a jihohi da sauri, kuma maganar rashin biyan bashi ta bi shi har ƙarshe. A ganina, da kowace kaka an zauna an tambayi wa ya biya, wa bai biya ba, taki ya iso kan lokaci ko bayan an yi dashe, aka gyara kafin a faɗaɗa, da labarin ya fi haka daɗi.

Ga misali ga matashin da ke son shiga harkar shinkafa. Hanyar da muka saba: a ci bashi, a gina shago, a sayi inji, a buga buhu mai suna, sannan a fara neman mai saye. Ɗaya hanyar: sayi buhu goma na shanshera, ba mata su turara, kai injin wani a casa maka, ƙulla a ƙananan leda, kai kasuwar Birnin Kebbi. Cikin mako biyu za ka ji gaskiya. Akwai tsakuwa, ta cika karyewa, ko kuma mudu suke so ba leda ba. Asarar buhu goma ana tashi daga ita. Asarar inji da bashin banki kan kai mutum ya sayar da gonar gado.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Wannan tsari ba ya tafiya sai da abu biyu da muke ƙyashin bayarwa. Na farko, ƙaramin ma'aikaci ya iya cewa "ranka ya daɗe, abin nan ba ya aiki" ba tare da an ɗauke shi marar kunya ba. Na biyu, wanda ke kusa da aikin ya samu ikon canza ƙaramin abu ba sai fayil ya zaga tebur bakwai ba. Mu da ke aikin gwamnati mun san yadda rahoto ke ƙara kyau duk hawa ɗaya da ya yi, har ya isa sama babu ko tabo. A shago ma haka ne, yaro ya ga kaya ba sa tafiya amma ya yi shiru don maigida ne ya zaɓo su. In haka ake, ko kun lilliƙa takardu masu launi a bango, kun tsaya taron safe, tsohon tsarin ne ya sa sabuwar riga.

Kada kuma a wuce gona da iri. Ba a gina gada rabi a ce a hau a gani. Gini, magani da kuɗin jama'a suna da ƙa'idojin da ba a gwaji da su. Kuma Ajayil ba lasisin aiki babu lissafi ba ne. Hasali ma ya fi tsananta lissafi, don duk mako biyu sai ka nuna abin da ka yi, ido na ganin ido.

Shawarata ga shugaban sashe ko mai kamfani: zaɓi aiki ɗaya ƙarami, ba mutum biyar, ka faɗa musu iyakar kuɗin da za su iya yanke hukunci a kai ba tare da kai ba. Duk mako biyu ka zauna ka saurara, kuma wanda ya kawo mummunan labari ka fara gode masa kafin kowa. In ka iya wannan wata uku, ka fi mai satifiket.

Ku da ke ofis ko kasuwa, yaushe rabon da na ƙasa da ku ya ce muku kun yi kuskure, kuka canza? Allah ya sa mu dace.