Wane Mai Ya Dace Da Tsohon Keken Ɗinki?

 Maganarmu ta wannan mako a kan man keken ɗinki take, domin wasu daga cikinku sun rubuto suna tambaya ko akwai laifi a ɗiga wa keke man gyaɗa in na kanti ya yi tsada. Amsata ita ce akwai laifi ƙwarai, ga kuwa dalili.

Wanda ya san ƙetaren kogin Kaduna, watau Kakuri da Makera da Nasarawa, ya san nan ne aka kafa masaƙu. An buɗe Kaduna Textiles a 1957, aka rufe ta a 2002, saura kuma suka yi ta durƙushewa. Gidaje da dama da a dā suke jiran albashin masaƙa, yanzu keken ɗinki ɗaya ne a zaure ko a ɗakin uwargida yake ciyad da su. Kekunan nan kuwa tsofaffi ne. Masana'antar Singer ta Clydebank, a ƙasar Sikotlan, tun 1980 aka rufe ta, saboda haka duk keken da ya fito daga can ya haura shekara 40. Butterfly na ƙasar Sin ma a kan ƙirar tsohon Singer aka yi shi, cikinsu kusan ɗaya ne.

To, irin wannan keke ƙarfe ne yake juyawa cikin ƙarfe, ba abin da ya raba su sai ɗan man da ya shiga tsakani. Tsakanin nan kuwa matsattse ne ainun, sai mai tsinkakke yake iya ratsa shi. Man gyaɗa yakan ratsa, har ranar farko tela ya ji keke ya yi laushi, ya ce ya sami dabara. Amma fa man da aka tatso daga tsiro, in ya daɗe yana shan iska sai ya yi kauri, ya koma danƙo. Ku dubi bakin kwalbar mai ta ɗakin girki, ku ga yadda yake kama hannu. Haka yake yi a cikin keke, inda ido ba ya gani. In hunturu ya shigo, ƙura da burbushin zare su haɗu da danƙon nan, sai tela ya wayi gari yana taka keke da ƙyar kamar mai hawan tudu, sau da yawa kuwa ana saura kwana kaɗan Salla, ga ɗinkin mutane jibge. Araha ba ta ado. Manja da man kaɗanya ma hukuncinsu ke nan.

Baƙin mai na mota ya yi kauri da yawa, kuma yana ɓata tufa. Wanda aka juye daga inji ya fi muni, gama akwai garin ƙarfe a cikinsa, yana cin keke kamar dutsen wāshi. Man birki kuwa yakan ci fenti, ya tafi da zanen zinariyan nan da ke jikin baƙin keke, abin da ni dai nake jin takaicinsa in na gani.

Abin da ya dace shi ne man keke na ainihi, wanda aka tace daga ɗanyen man ƙasa. Fari ne garai kamar ruwa, ba shi da wari, ba ya daskarewa. Da yake a kasuwa akan ɗura mai a kwalaben da ba su da suna, mai saye ya gwada tukuna. Ya sansana, in ya ji kananzir an sirka shi. Ya ɗiga a farin ƙyalle, in ya bar rawaya kada ya karɓa. In ma an sayi mai kyau ya daɗe a ajiye har ya canja launi, to, ya tashi daga aiki.

Keken da ya riga ya cije, kananzir ake ɗiga masa a kowane rami, a yi ta juya shi a hankali har dattin ya narke ya fito, a goge, sa'an nan a sa man kirki. Kananzir wanki yake yi kurum, ba ya tsaya wa ƙarfe. Ɗigo ɗaya ya isa kowane rami, da ɗaya a mazaunin ƙoshiya, kada kuma a manta da ƙarƙashi, sai an kwantad da kan keken a ga gaɓoɓinsa. Mai ɗinki kullum ya yi haka kullum, musamman da damina saboda tsatsa. Bel da faifan da ke matse zare ba a sa musu kome. In an gama, a fara ɗinka tsumma har ya fito ba tabo, kafin a ɗora shaddar mutane.