Akwatin Kwamfuta: Rufe Shi Ruf Ba Ya Hana Ƙara

 A makon nan za mu duba wani abu da masu haɗa kwamfuta da kansu suka saba barinsa sai ƙarshe, bayan aljihu ya kusa bushewa, wato akwatin da ake jera kayan a cikinsa. Saurayi zai zuba dukiya wajen sayen ƙwaƙwalwar na'ura da katin hoto, ko don wasanni ko don sana'ar tace fim, sa'an nan ya shiga kasuwa, ko Computer Village ta Ikeja ce ko Banex ta Abuja, ya nuna akwatin da ya fi walƙiya da fitilu ya ce a ba shi. Kafin wata ya zagayo sai ka ji na'urar tana ruri kamar injin niƙa.

Tushen maganar shi ne, kusan duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa. Katin hoto na RTX 4090 da kamfanin Nvidia ya fitar a 2022 yana cin wat 450 shi kaɗai. In aka tara da babbar ƙwaƙwalwa da sauran tarkace, sai lissafi ya kai wat 600 ko ya zarce, tamkar dai a kunna ƙwan lantarki goma masu wat 60, irin na da ɗin nan masu ƙona hannu, a kulle su cikin akwati guda. Dole wannan zafi ya sami ƙofar fita. In bai samu ba, na'urar da kanta za ta rage gudu don kada ta ƙone. Ƙwaƙwalwar Ryzen 7000 ta AMD ba ta yarda ta wuce digiri 95, na Intel da yawa kuma iyakarsu 100. Mai wasa zai ga hoto yana sarƙewa, mai tace fim kuwa aikin sa'a guda ya ja shi har dare, alhali mai fim yana jira.

To, a nan ne mutane da yawa kan yi kuskure. Wanda ya ƙi jinin ƙara yakan ɗauka maganinta shi ne akwati mai rufaffen gaba, wanda aka lulluɓe cikinsa da soso mai shanye sauti. Akwai irinsa masu inganci ƙwarai, kamar Define 7 na kamfanin Fractal Design na ƙasar Suwidin, wanda ya fito a 2020, kuma ga mai aikin ofis ko naɗar murya ba shi da laifi. Amma da zarar aka ɗora wa na'ura aiki mai nauyi, fankokin da aka toshe wa hanya sai su ƙara gudu don su jawo iska ta ƴan ƙananan kafofin gefe, ƙarar da aka guda kuma ta dawo. An gudu ba a tsira ba ke nan. Kamfanin nan dai shi ne ya yi Meshify 2 a cikin shekarar, mai raga a gaba, inda fanka ke juyawa a hankali amma iska na shiga a wadace. A ganina mai wasanni da tace fim ya nufi mai raga, kada ya tsaya wata-wata.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu musamman. Masu gwada waɗannan akwatuna a Turai da Amurka cikin ɗaki mai sanyi suke gwajinsu, wanda bai fi digiri 20 da ƴan kai ba. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri kuwa, zafin watan Afrilu kan haura 40, kuma ba kowa ke da na'urar sanyaya ɗaki ba, wanda yake da ita ma sai an kawo wuta. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. Saboda haka in ɗakinka ya fi nasu zafi da digiri 15, kayan cikin akwatinka ma kusan haka za su fi nasu. Akwatin da aka yaba a can da cewa "ba laifi" yana iya zama tanderu a nan.

Wanda ya fi duka muni shi ne mai gilashi a gaba, fankoki na manne da shi suna ta haskawa ba su da inda za su shaƙa. Kyan ɗan maciji ne. Gilashin gefe dai ba ya cutarwa sosai, wanda ke son kallon kayansa ya kalla.

Game da fanka, babba ta fi ƙarama shiru, domin mai milimita 140 tana tura iskar da mai 120 za ta tura ba tare da ta kai ta saurin juyi ba. Pure Base 500DX na kamfanin be quiet! na Jamus ya zo da masu 140 guda uku, Lancool 216 na Lian Li ya zo da masu 160 guda biyu a gaba, shi kuwa 4000D Airflow na Corsair biyu kacal masu 120 aka sa masa, sai mai saye ya ƙara daga aljihunsa. A lissafa wannan tun wajen ciniki. A kuma nemi fanka mai haƙora huɗu a bakin wayarta, don ita ce ake iya tsara wa gudu sosai, ta lafa in aiki ya yi sauƙi.

Sai ƙura, wadda duk wanda ya ga hunturu ya san ta. Dabarar ita ce iskar da ke shiga ta ɗan rinjayi wadda ake fitarwa, misali fanka biyu ko uku a gaba, ɗaya a baya. In aka yi haka iska ce za ta riƙa fita ta kowace kafa, ƙura ba za ta sami shiga ba sai ta gaba inda matata take. In aka juya lissafin, akwatin zai riƙa zuƙo ƙura ta ko'ina. Matatar kuma ta zama wadda ake zarewa da hannu ba sai an kwance ƙusa ba, domin wadda ke da wuyar cirewa ba wanda zai wanke ta, kuma in ta toshe an koma gidan jiya.

Kafin a biya kuɗi a auna. Manyan katunan hoto na wuce milimita 300 a tsawo, na'urar sanyaya ƙwaƙwalwa irin NH-D15 ta Noctua kuma tsayinta 165 ne, ba kowane akwati ke rufuwa a kanta ba. Mai tace fim da ke ajiye aikinsa a faifai masu juyawa ya duba ko akwai mazauninsu mai roba, in ba haka ba girgizarsu za ta bi ƙarfen akwatin tana gunji. In an kai gida kuma, kada a girke shi kan kafet, saboda na'urar rarraba wuta ta ƙasa take shaƙar iska, kada kuma a cusa shi cikin lokar tebur ko a manna bayansa da bango. A bar masa kamar taƙi guda.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.