Ƙyalli Ba Shi Ne Ƙarko Ba

Kowace shekara, in ranar ba da kyaututtuka ta matso, mukan fito da bencina da teburan aji mu shafe su da banish cikin gaggawa, domin baƙi su ga suna ƙyalli. Kafin damina ta wuce, shafin ya fara ɓarewa, kuɗin da iyaye suka tara ya tafi a banza. A ganinmu laifin namu ne, gama mukan tsallake aikin da ido ba ya gani.

Da farko, sai katako ya bushe. Ɗanyen katako yakan tsuke in hunturu ya shigo, ya tsage, shafin ma ya tsage tare da shi. A jera shi a inuwa, da 'yan sanduna a tsakani domin iska ta ratsa. Sa'an nan a goge da sanfefa, a fara da mai kaushi lamba 80, sai 120, a ƙare da 180, kullum ana bin tsawon katakon. Wanda ya goge a gicciye, rini zai tona masa asiri, gama kowane ƙarzo zai fito da duhu.

Rinin katako kuwa launi ne kawai, ba ya hana ruwa ko gara. Maɗaci yana da jan launinsa mai kyau, banish kaɗai ya ishe shi. Farin katako mai taushi yakan sha rini ba daidai ba, nan duhu can haske, saboda haka a gwada a kan guntu tukuna. Bayan rinin ya bushe, a yi shafi uku na banish marasa kauri, da kwana guda a tsakani, a ɗakin da ƙura ba ta shiga. Kada a manta da ƙarƙashin tebur da gindin ƙafafu, inda laima take shiga. Tsummokaran da suka sha mai a shanya su waje, don in an dunƙule su suna iya kama wuta da kansu.

Muna roƙon hukumar makaranta ta ba 'yan ajin aikin katako lokaci tun farkon zango. Gara mu gyara benci 20 da kyau a bana da mu shafa wa 100 ƙyallin wata uku. Sannu ba ta hana zuwa, ƙannenmu masu shigowa kuma za su sami wurin zama mai kyau.