Allon da Bai San Ƙugiya Ba

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ɗan allo da samarinmu suke saye a shagunan kayan lantarki, wanda iyaye da yawa suke ɗauka kayan wasa ne kawai.

Kwanan baya wani yaro a maƙwabtanmu ya kira mu mu ga aikinsa. Ya yi wata uku yana tara kuɗi, ya sayi wani faifai kamar tafin hannu da ake kira Arduino Uno, da allon LCD mai layi 2, kowane layi yana ɗaukar baƙaƙe 16. Nufinsa ya kafa shi a bakin ƙofa ranar bikin yayarsa, ya riƙa nuna "Maraba da baƙi". Da ya kunna, sai wata baƙuwar alama ta fito a gurbin ƙ. Ya goge, ya sa k, allon ya ce "Maraba da baki". Mahaifiyarsa ta yi dariya har da hawaye, ta ce ai gaskiya ne, gama baki ne yake zuwa biki. Shi kuwa ransa ya ɓaci, yana tsammani an sayar masa da jabu.

Kayan ba jabu ba ne. Faifan Arduino, wanda aka fara yi a garin Ibireya ta ƙasar Italiya a shekarar 2005, yana ɗauke da ƙaramar ƙwaƙwalwa da take bin umarnin da aka rubuta mata daga kwamfuta. Amma ba ita take zana baƙaƙen ba. A bayan allon akwai wata ƙwaƙwalwar dabam, irin ta kamfanin Hitachi na Japan mai lamba HD44780. Arduino yana aika mata lamba ta wayoyi 6, ita kuwa ta duba cikin rumbunta ta fito da baƙin da yake da wannan lamba. An cika rumbun tun daga masana'anta, yawanci da baƙaƙen Turanci da na Japananci. Abin da yaron ya gani a gurbin ƙ, harafin Japananci ne. Ba ɓ a ciki, ba ɗ, ba ƙ.

Wani zai ce, to mene ne? A rubuta ba ƙugiya mana. Mu dai ba mu yarda ba. Wanda ya ce ƙasa da kasa ɗaya ne, ko ƙafa da kafa, bai taɓa tsayawa gaban jama'a yana karatu ya yi tuntuɓe ba. Mun daɗe muna haƙuri da injuna a kan wannan, tun zamanin keken rubutu da ake bin takarda da alƙalami ana ƙara ƙugiya.

Ga abin da ya faranta mana rai. Masu ƙera allon sun bar ɗakuna 8 babu kome a ciki, domin mai shi ya zana abin da yake so. Ku ƙirga: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa, sa'an nan manyansu huɗu. Takwas ke nan cif, kamar da mu aka auna.

Yadda ake yi ba wuya. Kowane baƙi yana zaune cikin ɗigo 5 a kwance, 8 a tsaye. A sami takardar lissafi mai gida-gida, a zana baƙin da fensir. Inda aka cika gida a rubuta 1, inda aka bari a rubuta 0. Layuka takwas ɗin nan su ake ba umarnin da ake kira createChar, tare da lambar ɗaki daga 0 zuwa 7. Na ƙ da ɓ suna da sauƙi, gama sandarsu tana hagu, ƙugiya tana da wurin lanƙwasawa. Na ɗ shi ne mai gardama: sandarsa tana dama, ƙugiyar ma dama take nufa, sai an matsa cikinsa an janye sandar gida ɗaya. Yaron ya ɓata takarda uku kafin ɗ nasa ya daina kama da d mai mura.

Sai a lura, allon yana mantuwa. Da zarar an ɗauke wuta, ɗakunan nan sun koma wofi, saboda haka zanen ya kasance a farkon umarnin, domin Arduino ya sāke koya masa duk sa'ad da aka kunna. In kuwa allon ya yi haske amma ba rubutu, kada a yi saurin komawa wurin mai shago da faɗa. A murɗa ɗan maɓallin nan da yake haɗe da ƙafa ta 3 a hankali, shi ne yake ƙara duhun rubutu.

Ranar bikin mun je. Allon yana bakin ƙofa, batir a ɗaure a bayansa da roba, ƙugiyar ƙ tana nan a sarari. Mahaifinsa, wanda dā yake cewa an zubar da kuɗi, shi ne ya tsaya yana nuna wa mutane.